Alkamar Kawu da Baƙin da Suka Ƙi Ci

Bari in fara da wautata tun kafin Iya Kande ta riga ni faɗa muku, don ita in ta ba da labarina sai na fito da kunnuwan jaki. Ranar Lahadi ta farko da wasu baƙi biyu suka yi a gidanmu, na leƙa ɗakinsu da hantsi na tarar da su a durƙushe, ido a rufe, suna rera wata waƙa mai sanyi cikin yaren da ban taɓa ji ba. Ban tambayi kowa ba. Na ruga unguwa na shelanta cewa an yi wa baƙinmu rasuwa. Kafin azahar dattawa sun cika zaure, mata sun aiko da kunu ƙwarya shida. Baƙin suka fito suka tarar ana ta “Allah ya jiƙan rai,” sai babbansu ya ɗaga hannu ya ce, “Amin, amin. Wa ya rasu?”

Kunun dai bai yi asara ba. Na san inda ya shiga.

To, ku da kuke zama a ƙofar zaure kuna cewa fatoma ba shi da aiki sai shimfiɗa tabarma da “sannu da zuwa,” ku matso. Shekarata goma sha bakwai, bakwai daga cikinsu a wannan zaure na Kawu Ilu na yi su, nan Magariya, inda fatake ke yada zango tsakanin Kano da Damagaram. Na tsufa a cikin aikin. Ku duba kaina da kyau, furfura na nan tafe. Fatoma shi ne mai saukar da baƙin fatake: ya ba su ɗaki, ya ciyar da su, ya tsare kayansu, ya nemo musu masu saye. A baki gajere ne. A ƙafa kuwa, tafiyar da nake yi a yini ɗaya tsakanin rijiya da kasuwa da madafa, da a miƙe take da na yi aikin hajji sau biyu.

Kayan aikinmu turke ne da dabaibayi, tulu da buta, tabarma da tsintsiya, sai akushi. Kowanne da iliminsa. A shekarata ta farko na durƙusar da raƙumin wani Buzu a gindin rumfar da wani Babarbare mai kanwa yake barcin rana. Raƙumin ya miƙa wuya ya cinye rufin rumfar tas, mutumin ya farka ya ga sararin Allah a kansa. Buzu na zagi da yarensa, Babarbare na zagi da nasa, Kawu ya haɗa duka ya fassara mini a kunnen hagu. Tun ran nan na san inda ake aje raƙumi.

Amma babban karatun yana cikin akushi. Kawu ya koya mini: kada ka dubi fuskar baƙo, fuska ta iya ƙarya, dubi akushinsa in ya dawo. In ya dawo a lashe, baƙon naka ne har baɗi. In ya dawo da rabi, je ka ji ta bakin mai miya. In ya dawo yadda ya tafi, fara kuka tun daga tsakar gida, don kafin la’asar duk kasuwa ta ji cewa ba a cin abincin gidanku. Doka ta biyu kuma: baƙo ba ya rasa ibadarsa a gidanka. Malami na son lungun da zai yi wuridi ba hayaniya, ka share masa. Wani ba ya tafiya ran Laraba, kada ka ɗaura wa jakinsa kaya. Ba ruwanka da gardama, aikinka ka san lokacin ka shirya.

A shekarar da nake ba ku labari, hanyar Kano ta rikice da faɗa, ayari ya ɗauke ɗif. Gizo-gizo ya yi saƙa a turakunmu. Tanko, fatoman da zaurensa ke kallon namu, in ya hango ko kare baƙo ne sai ya miƙe ya gyara riga. A ayarin ƙarshe da ya tsallako muka samu mutum biyun nan, kuma hanya ta rufe a bayansu.

Babban, Baba Yakubu, tsoho ne mai Hausa irin ta kakanni. An sace shi yana yaro daga wani ƙauye a bayan Dungas, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin teku. Can ya sami ’yanci, Nasara suka rene shi, ya koyi sassaƙar katako, ya shiga addininsu. Da tsufa ya zo masa sai ya taso neman danginsa. Sau biyu na raka shi Dungas. Mun sami rijiyar da yake tunawa, mun sami kukar, ba mu sami ko mutum ɗaya da ya san sunan uwarsa ba. Ƙaramin, Dawuda, Bayarabe ne ɗan Ikko, tela, ya biyo shi don sayen jar fata. Hausarsa kamar jaki na tafiya a kan tsakuwa. Ni a sanina Nasara farare ne, kuma ban taɓa ganin ko ɗaya ba, sai ga Nasara baƙaƙe biyu suna cin tuwo da hannu.

Kwana uku bayan ta’aziyyar ƙaryan nan, Kawu ya shirya tafiya Damagaram don ya nemo madugan da ya sani. Ya kama kunnena na dama, don na hagu ya gaji.

“Habu, baƙi biyu gare mu a duniya. In na dawo na tarar sun koma zauren Tanko, ka ɗaure tsummanka, Bande za ka koma wajen kakanka ka riƙe hauya.”

Ku ba ku san gonar kakana ba. In ka fara kunya ɗaya da asuba, sai ka yi gemu kafin ka kai ƙarshenta.

Don haka da Kawu ya ba da baya, na je na durƙusa gaban baƙin kamar fatoman ƙwarai. Na ce, “Baba, ban son a sake irin ta ran nan. A faɗa mini lokutan ibadarku in shirya.”

Baba Yakubu ya ce Lahadi ce ranarsu, waƙa da karatu, ba su buƙatar komai sai shiru. Na ce wannan mai sauƙi ne, sai me? Ya ce akwai babbar, suna ce mata jibin Ubangiji. Gurasar alkama ce ’yar kaɗan da jan ruwan inabi a ƙoƙo ɗaya, ana ci a durƙushe don tunawa da Annabi Isa. Ya faɗi sunan ɗariƙarsu, sunan ya ƙi zama a bakina har yau.

Na ce, “Sau nawa ake yi?”

“Duk wata,” in ji Dawuda.

“Duk wata uku,” in ji Baba.

Suka dubi juna. Na dube su.

“Lahadin farko na wata, Baba! A Ikko haka muna yi.”

“Ku ’yan birni. Mu a ƙauyenmu na bakin ruwa sai wata uku ya cika, tun kafin a haife ka.”

Na ce, “Tsaya. Ɗariƙarku ɗaya?”

“Ɗaya.”

“Littafinku ɗaya?”

“Ɗaya.”

“To shehun da ya kafa ɗariƙar, shi sau nawa yake yi?”

Baba ya sosa ƙeya. Ya ce wani Bature ne da ya mutu kamar shekara ɗari da suka wuce, ya ƙare rayuwarsa a kan doki yana zagaya garuruwa da wa’azi, kuma an ce shi mako ba ya fita bai ci ba, har yana horon mutane su riƙa ci a kai a kai.

Kaina ya fara juyawa kamar mazari. Shehu duk mako, ɗan birni duk wata, ɗan ƙauye duk wata uku. Mu salla biyar ce a Magariya, biyar ce a Bande, ko a cikin rijiya ka faɗa biyar ce. Na ce, “To, yaushe watanku ya tsaya, in fara ƙirga?”

Dawuda ya ce, “Namu ba ya tsayawa. Yana cikin takarda.”

Ya zaro wata takarda mai layi-layi ya nuna mini. Na duba gaba, na duba baya, ban ga wata ba, ban ga tauraro ba. Na yi godiya na fita da hankalina a hannu.

A bayan rumbu na yanke shawara irin ta manya. In na bi Dawuda, na saɓa wa Baba. In na bi Baba, Dawuda ya rasa biyu cikin uku. In na bi shehunsu kuwa, ba mai cewa uffan. Lahadi mai zuwa za a yi.

Akwai ’yar jakar alkama a rataye a ɗakin Kawu, ya aje ta saboda wani Balarabe da ke sauka wajenmu bayan kaka, wanda in ya ga tuwon gero sai ya yi kamar an nuna masa kabarinsa. Na sauko da ita na kai wa Iya Kande, tsohuwar da ke mana girki, wadda ta yi wa Larabawa aiki a Damagaram tana yarinya.

“Ilu ya san da wannan?”

“Iya, ibadar baƙo ce. Dokarsa ce da bakinsa.”

“Bakinsa ya faɗa, hannunsa zai tambaya. Miƙo dutsen niƙa.”

Aikin gurasa ba wasa ba ne. A wanke alkama, a shanya, a niƙa sau biyu, a tankaɗe, a kwaɓa a bari ta tashi. Iya ba ta da tanderu, sai ta hura wuta a cikin wani tsohon tulu mai fasasshen baki, ta riƙa manna ƙullin a cikinsa da tafin hannu. Ruwan inabi kuwa, ko itacensa ban taɓa gani ba, giya kuma ba ta shiga gidan Kawu. Amma an ce ja, kuma zoɓo ja ne. Na jera gurasa a faifai, na rufe da farin rawanin Kawu na Juma’a, na shiga da sallama.

“Ga jibin Ubangijinku. A ci lafiya.”

Dawuda ya zabura kamar na aje maciji. “A’a, a’a! Yau ba Lahadin farko ba ne!” Baba ya matso. Ya ɗaga gefen rawanin, ya daɗe yana kallon gurasar, ya mayar ya rufe. Ya ce, “Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ɗauke.”

Ɗakin baƙi a gefen zaure yake, ba yadda za ka koma cikin gida ba ka gifta ƙofa ba. Tanko na zaune a tabarmarsa. Ya ga faifai ya shiga da tudu, ya ga ya fito da tudu.

“Habu, ko gishiri ya yi yawa?”

Ni da Iya muka cinye a bayan rumbu. Na ci ne da baƙin ciki, guda bakwai.

Na ce laifina ne, na yi gaggawa. Na bi Dawuda kullum ina tambaya ko watan takarda ya kama, har ran da ya ce gobe ne Lahadin farko. Muka sake niƙa, muka sake hura tulu. Na shiga da faifai ina murmushi har kunne.

Baba ya ce, “Habu, zauna. Ba ranar ce kaɗai ba. Ba mu da limami.”

Sai a lokacin ya warware mini. Limamansu kaɗan ne, garuruwa da yawa. Limami ɗaya ke zagayawa cikin kwalekwale, kafin ya dawo ƙauyensu wata uku ya cika. Ikko kuwa suna da nasu a zaune, shi ya sa suke yi duk wata. Ya kwance wata ’yar jakar fata daga wuyansa, wadda na ɗauka laya ce, ya zazzage ƙananan takardu kamar ganyen magarya. Duk zuwan limami ana ba kowa ɗaya. Ya jera su a tabarma, suka yi layi har bakin ƙofa, sannan ya sa yatsa a inda suka ƙare. Daga nan ya baro gida.

Na ce, “Wannan ai ba matsala ba ce. Ku biyu ne, kai ne babba, shige gaba. Mu ko a daji haka muke yi.”

“Ba a ɗora mini hannu ba.”

“Hannu?”

“Sai manyan limamai sun ɗora wa mutum hannu a ka, sannan ya isa ya ba da jibi.”

Na goge tafina a riga na ce, “Sunkuyo.”

Dawuda ya yi dariya har ya ƙware. Baba ya kama hannun nawa ya mayar mini a cinya. Na ce, “Baba, daga nan zuwa teku tafiyar wata nawa ce? Wa zai gani?”

Ya ce, “Kai in ba kowa a gida, salla kake yi ba alwala?”

Na ɗauki faifan na fita, don akwai abin da ba a faɗa wa baƙo.

Faifai ya sake giftawa da tudunsa. Ran kasuwa na ji da kunnena Tanko na gaya wa masu kanwa cewa baƙin Ilu sun rame, abinci ke shiga yana fitowa kamar mai kai gaisuwa. Ya fara aiko musu da fura. Ya fara tsallakowa da kansa yana tambayar Baba lafiyar ƙafarsa. Ni kuwa in na rufe ido, kunyar gonar Bande nake gani.

Maganar alwalar nan ce ta sake ɓatar da ni. Na ce, ai mu in ba ruwa sai mu yi taimama, matafiyi kuma ya yi ƙasaru. Ba addinin da zai rasa irin wannan ƙofa. Lalle tasu ƙofar tana buɗewa ne in wata ukun ya cika, kunya ce ta hana tsohon faɗa. Na lallaɓi Dawuda har ya nuna mini Lahadin da limami zai isa ƙauyen Baba. Na kakkaɓe jakar alkama har ƙurar ƙarshe. Iya ta ce, “Wannan karon in suka ƙi, kai zan manna a tulun.”

Na shiga da faifai da hantsi, sai na tarar da kaya a ɗaure. Tabarmi a naɗe, fatun Dawuda a ƙulle. Ta ƙofar zaure na hango jakin Tanko a tsaye, Tanko na riƙe da igiya.

Na dire faifan, na je na kwanta a gicciye a bakin ƙofa. Na ce, “Sai dai ku taka ni. Ku taka da kyau, don gara in mutu a nan da in mutu a Bande.”

Baba ya tsuguna kusa da kaina. “Tashi, ɗana. Ba fushi muka yi ba. Tun jiya na ji ƙarar dutsen niƙa na san abin da ke tafe. Fiye da shekara rabona da jibin nan. Yau mutanena suna can a durƙushe, ni ina nan. Duk ran da ka aje shi a gabana, ba na iya ci, ba na iya daina kallo. Ga alkamar kawunka na ƙarewa a kanmu. Can zauren Tanko ba mai kawo mana komai sai tuwo.”

Na ce, “To ku yi taimamarku mana!”

“Ba mu da ita a wannan.”

“Addini guda ba taimama?”

Tanko ya leƙo. “Baba, rana na yi. Yaro, janye ƙafarka.”

Sai Dawuda ya yi wa Baba magana da yarensu, da sauri, yana nuna faifai. Baba ya dubi faifan. Can ya ce, “Akwai wani cin. Ba jibin ba ne, kada ka haɗa su. Gurasa ce da ruwan sha kawai, ’yan’uwa su zauna su gutsura, kowa ya faɗi alherin da Allah ya yi masa. Wannan ba sai da limami ba.”

Daga kwance na ce, “Akwai na biyu, kuka bar ni ina ta ƙona tulu? Shi kuma sau nawa ake yi?”

“Duk wata uku,” in ji Baba.

“Mu a Ikko sau biyu a shekara,” in ji Dawuda.

Na ce, “Don girman Allah ku bari. Yau ana yi ko ba a yi?”

Aka yi. Na ce amma a zaure za a ci, ƙofa a buɗe. Na shimfiɗa sabuwar tabarma inda duk mai wucewa zai gani, na cire rawanin Kawu daga kan faifan, na mayar da zoɓo wajen Iya, na kawo ruwan tulu a ƙoƙo. Suka yi waƙarsu, wannan karon ba wanda ya zo ta’aziyya. Baba ya gutsura ya miƙa wa Dawuda. Ya ce alherin da Allah ya yi masa shi ne ya sha ruwan rijiyar uwarsa kafin ya mutu. Dawuda ya ce nasa shi ne wani mahaukacin yaro da bai iya jin “a’a” ba. Suka cinye gurasar tas. Na ɗauki faifan na fita waje, na kife shi, na kaɗa shi a rana har sau uku.

“Baba Tanko, gishirin ya yi daidai. A sauke wa jakin nan akumari, ya sha tsayuwa.”

Kwana tara bayan haka Kawu ya dawo. Ya tarar da baƙinsa biyu a ɗakinsu, jakar alkama a rataye kamar fatar ƙadangare, rawaninsa da jan tabo a gefe. Kunnuwan nan biyu duka sun ji a jikinsu. Bande dai ban je ba.

Baƙin sun yi wata biyar a gidanmu, jibin nan ba su ci ko sau ɗaya ba. Da hanya ta buɗe bayan kaka suka bi ayarin goro suka yi kudu. Da shekara ta zagayo madugun ayarin ya kawo mana labari: Baba Yakubu ya isa ƙauyensu kwana huɗu bayan limamin ya wuce. Ya jira wata uku, ya ci.